Bawul Ɗin Da Ake Cirewa Daga Birkin Tsofaffin A-kori-kura

 Sharhinmu na yau zai leƙa Amurka, ya kutsa ƙarƙashin tsofaffin motocin a-kori-kura, inda wani ɗan dunƙulen ƙarfe da za a iya riƙewa a hannu ɗaya ya daɗe yana raba kan masu motoci da makanikai.

A Amurka, a-kori-kura ita ce motar manomi da magini da mai jan tirelar dawaki. Samfurin F na kamfanin Ford shi ne a-kori-kurar da aka fi saye a ƙasar tun 1977. Waɗanda aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990 har yau da dama suna kan titi, yawancinsu sun haura shekara 30 suna aiki, kuma masu su na ji da su saboda injinsu bai da wuyar sha'ani. Sai dai akwai wani ciwo da ya zame musu ruwan dare. Direba zai tsaya a danja, ƙafarsa a kan birki, sai ya ji matakin yana nutsewa a hankali har ya kusa taɓa ƙasa. Ya leƙa ƙarƙashin mota, ba ɗigon mai ko ɗaya. Ya canza masta, wato silindar da ke tura man birki, ya fitar da iska, ya sake fitarwa, abu yana nan kamar an shuka dusa. Daga nan ne wani wanda ya taɓa shan wannan wahala zai nuna masa bawul ɗin hana tayoyin baya kullewa, ya ce masa: cire shi ka haɗa bututun kai tsaye, ka huta.

Shawarar tana aiki, kuma nan ne haɗarinta yake. Birki yakan dawo da tauri nan take, mai mota ya tafi yana murna. Abin da ya rasa kuwa ba zai gane shi ranar ba.

Kafin a yanke wa bawul ɗin hukunci, ya kamata a san abin da ya kawo shi. Duk motar da aka taka wa birki, nauyinta gaba yake zubawa, bayanta ya yi sakayau. A ƙaramar mota abin da sauƙi, domin bambancin nauyinta tana fanko da tana cike ba shi da yawa. A-kori-kura dabam take. An ƙera birkinta na baya da ƙarfin da zai tsayar da ita tana ɗauke da buhunan siminti ko katako, alhali mafi yawan kwanakinta bayan nata wayam yake. Birki mai ƙarfi a kan taya marar nauyi, ga kwalta ta jiƙe ko ƙanƙara ta rufe hanya, sai tayar ta daina juyawa ta koma jan ƙasa. Tayar da ta kulle ba ta riƙe mota daga zamewa gefe. Idan na gaba ne suka kulle, motar takan ƙi bin sitiyari ta miƙe sambal. Idan na baya ne, gindin motar ke zagayowa yana neman wuce kai. Duk wanda ya taɓa danne birkin baya na babur a kan rairayi ya san yadda abin yake, sai dai a nan ana maganar ƙarfe mai nauyin kusan tan 2, mai tsayi daga ƙasa, wanda in ya juya gefe yana iya kifewa.

Masu ƙera motoci sun daɗe suna neman maganin wannan. Tun a shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Ingila ya samar da na'urar Maxaret don jiragen sama. A 1969 Ford ya fara saka wani tsari mai suna Sure-Track a manyan motocinsa na alfarma, wanda shi ma tayoyin baya kawai yake kula da su. A 1978 Bosch da Mercedes-Benz a Jamus suka fito da ABS, tsarin lantarki na hana tayoyi kullewa mai kula da tayoyi huɗu. Amma wannan kayan masu hannu da shuni ne, ba abin da za a saka wa motar gona ba. Kamfanin Kelsey-Hayes na jihar Mishigan shi ya samo hanya mai araha. Ford ya saka ta a samfurin F daga 1987 da sunan RABS, General Motors ya biyo baya a 1988 a sababbin Chevrolet da GMC da sunan RWAL, Dodge kuma a 1989.

Tsarin bai da kayan ciki da yawa. Akwai 'yar na'ura mai maganaɗisu da ke ƙidaya gudun tayoyin baya. A motocin Ford da Dodge tana zaune a saman tukunyar aksul ta baya, tana karanta haƙoran wani zobe da ke juyawa a ciki. A na General Motors kuwa daga bayan giya ake ɗauko gudun. Akwai 'yar kwamfuta. Sai kuma bawul ɗin kansa, wanda aka dasa a kan bututu ɗaya tilo da ke kai man birki baya. A Ford yana manne a jikin shasi ta ɓangaren direba, a Chevrolet kuma yana nan kusa da masta, ƙarƙashin bonet.

A cikin bawul ɗin ƙofofi biyu ne da lantarki ke buɗewa da rufewa. Ta farko a buɗe take kullum, mai yana wucewa abinsa. Ta biyu a rufe take kullum, bayanta kuma akwai wani ɗan ɗaki mai fistin da sifirin. Idan kwamfuta ta ga gudun tayoyin baya yana faɗuwa da saurin da ya wuce kima, alamar za su kulle, sai ta rufe ƙofar farko don kada ƙarin matsi ya isa baya. In hakan bai wadatar ba, sai ta riƙa buɗe ta biyu tana rufewa cikin ƙiftawar ido, rarar man ya tsiyaye cikin ɗan ɗakin, birkin baya ya ɗan saki, taya ta ci gaba da juyawa. Da direba ya ɗage ƙafa, sifirin ya tura man ya koma inda ya fito. Babu famfo, babu komai. Tayoyin baya biyu hukunci ɗaya ake yi musu, na gaba kuwa ba ruwan tsarin da su, suna iya kullewa. A motocin da ke da giyar tayoyi huɗu ma, na farko-farko sukan kashe tsarin gaba ɗaya idan an saka wannan giya. Aikinsa guda ne, ya hana gindin mota zagayowa.

To ina matsalar take fitowa? Daga ƙofa ta biyu. Man birki irin su DOT 3 da DOT 4 yana da halin shan danshi daga iska. Ƙa'ida ta ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha ruwa an yarda ya sauko har 140. Ruwan nan shi ke cin bututu da silinda ta ciki. Motar da ta shekara goma ba a canza mata man birki ba, man ya yi baƙi, tsatsa da ɓurɓushin roba suna yawo a cikinsa. Ƙwayar datti ɗaya ta isa. Ta maƙale a bakin ƙofar da ya kamata ta zauna a rufe, sai mai ya riƙa sulalewa cikin ɗan ɗakin duk sa'ad da aka taka birki. Mai bai zuba waje ba, shi ya sa ba a ganin ɗigo, kuma alamar iri ɗaya ce sak da ta mastan da ya mutu. Masta nawa masu lafiya aka jefar a bola saboda wannan, Allah kaɗai ya sani.

Makanikin da ya san aikinsa ba ya tsaya yin canki-canka. Yakan kwance murfin ɗan ɗakin, ya zura siririn ƙarfe har ya taɓa fistin, ya ce wa yaronsa ya shiga ya taka birki a hankali ya riƙe. Idan ƙarfen ya tsaya cik, bawul ya fita daga zargi. Idan ya ji yana turo masa yatsa, to an kama ɓarawo. Gwajin 'yan mintoci ne. Ita ma kwamfutar tana iya faɗin abin da ke damunta: a haɗa wata waya da jikin mota, ko a haɗa wasu ramuka biyu a soket ɗin bincike, sai fitilar gargaɗi ta riƙa ƙiftawa, a ƙirga, a duba littafi. Sau da yawa ma laifin ba na bawul ba ne. Garin ƙarfe ne ya taru a kan maganaɗisun na'urar ƙidaya, ko waya ta tsinke, sai tsarin ya riƙa sakin birki a inda babu dalili, musamman lokacin da mota ke daf da tsayawa. Goge na'urar ko gyara wayar ya wadatar.

Masu cirewa ba wawaye ba ne, kuma adalci shi ne a ji ta bakinsu. Wasu sun ce sabon bawul na asali ya yi wuyar samu, wanda aka sabunta kuma da tsada, ga shi ba a da tabbacin zai daɗe. Wasu sun canza aksul gaba ɗaya, sun saka wanda ba shi da zoben ƙidaya, ko sun mayar da birkin baya na faifai maimakon ganga, ko sun saka manyan tayoyin da suka rikita lissafin kwamfuta. Masu hawa duwatsu da ratsa daji suna da tasu hujjar, kuma gaskiya ce: a kan tsakuwa ko yashi, tayar da ta kulle takan tara ƙasa a gabanta ta tsaya da wuri fiye da wadda ake saki ana kamawa. Sannan akwai dattawan da ke cewa sun shekara da shekaru suna tuƙa motocin da ba su da wannan abu, kuma ga su nan da ransu.

Motar da aka ware don daji kaɗai, ba ta hawa babban titi, hujjarta ta tsaya da ƙafarta. Amma yawancin waɗanda ke cire bawul ɗin ba su cikin wannan rukuni. Motar aiki ce, ana kai yara makaranta da ita, ana bin babbar hanya da ita cikin ruwan sama, bayanta fanko. Ga irin wannan mota, ra'ayin wannan sharhi a fili yake: a gyara ko a canza, kada a cire. Hujjar dattawa kuwa tana da rauni ta wani gefe. Birkin motar da aka ƙera da wannan tsari, injiniyoyinta sun daidaita shi suna sane da cewa akwai mai tsaron bayan. Wanda ya cire shi ba lallai ne ya koma irin motar 1980 ba, yana iya samun kansa da motar da babu wanda ya taɓa gwada ta a haka.

Shi kansa aikin cirewar, a baki kamar wasa, a hannu kuwa wani abu ne dabam. A jihohin arewa irin su Mishigan da Ohayo da Niyok ana watsa gishiri a kan hanya lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, kuma gishirin nan yana cinye ƙarƙashin mota. Mutum zai kwanta a ƙasa, fitila a baki, ya tarar da notin bututu ya zama abu ɗaya da tsatsa. Ya fesa man sassautawa, ya jira, ya kawo sifana ta musamman mai rungumar noti ta kusan kowane gefe, domin sifana ta gama-gari murje kan notin za ta yi. Sau da yawa noti ya juya, bututu ya juya tare da shi, ya murɗe ya tsinke. Aikin rabin sa'a ya koma canza bututu tun daga gaba har baya. Ko an yi sa'a komai ya kwance lafiya, bakunan biyu ba lallai su zo girma ɗaya ba, sai an nemo mahaɗin da ya dace da kowanne.

A nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago. Bututun birki na waɗannan motoci siriri ne, amma matsin da ke cikinsa lokacin birkin gaggawa yakan ninka iskar tayar ƙaramar mota sau 30 ko fiye. Saboda haka bakinsa sai an buɗa shi da na'ura an naɗe shi riɓi biyu, sannan noti ya matse shi a mazauninsa. Mai gaggawa kuwa yakan je shagon kayan famfo ya sayo mahaɗin da ke damƙe bututu da ɗan zoben tagulla. Yana shiga, ba ya ɗiga, ranar farko lafiya lau. Ranar da aka danna birki da dukan ƙarfi, bututun yana iya sulluɓewa daga cikinsa, birkin baya ya tafi gaba ɗaya. Haka nan bututun jan ƙarfe zalla na ruwa ko gas bai dace ba, domin girgiza tana sa shi ya taurare ya tsage. Abin da aka yarda da shi shi ne na ƙarfe da aka yi don birki, ko gamin jan ƙarfe da nikel.

Bayan an haɗa, sai fitar da iska, aikin da kowane gareji a duniya ya sani. Ana farawa daga tayar da ta fi nisa da masta. Ɗaya a ciki, ɗaya a ƙasa da sifana da kwalba.

“Taka!”

“Na taka, Oga.”

“Riƙe, kada ka saki. To, saki.”

Haka za a yi ta yi har mai ya fito garau babu kumfa.

Akwai kuma tarkon da ke kama masu zafin nama, waɗanda in sun fara cirewa sai sun tsige duk abin da ya shafi tsarin. A motocin Ford samfurin F daga 1992, na'urar nan da ke kan tukunyar aksul ba birki kaɗai take yi wa aiki ba. Ita ce ke ba agogon gudu labari, daga nan kuma labarin ya wuce ga kwamfutar da ke sarrafa giya mai canza kanta. Wanda ya cire ta zai ga allurar agogo ta kwanta, giya ta fara bugawa tana shiga ba kan gado. Ita kuwa fitilar gargaɗin da za ta kunnu a dashbod, maganin da aka fi yi mata shi ne a zare ƙwanta. Wannan ya fi komai tayar da hankali, domin motar da ta kai wannan shekaru ba ta zama a hannu ɗaya. Za a sayar da ita, ko a ba wa ɗa matashi da ya fara tuƙi, kuma babu abin da zai gaya masa cewa an taɓa birkinta.

Wanda ya ga lallai sai ya cire, saboda ya canza aksul ko don babu bawul ɗin a kasuwa, to akwai bashin da ya hau kansa. Dole ya tabbatar akwai abin da ke rage matsin da ke zuwa baya. Kamfanoni irin su Wilwood suna ƙera ɗan bawul mai maɓalli da ake murzawa don wannan aiki. A saka shi, a sami fili marar jama'a, mota fanko, ƙasa a jiƙe, wani ya tsaya nesa a gefe yana kallon tayoyi, a riƙa taka birki ana murza maɓallin har sai na gaba sun riga na baya kullewa. Ko da an yi hakan, saiti ɗaya ne aka samu. Wanda ya dace da mota fanko zai rage wa birkin baya ƙarfi ranar da aka yi lodi. Tsohon tsarin, duk da ƙarancin wayonsa, bai damu da nauyin kaya ba, juyawar taya yake kallo.

Amurka kanta ta wuce wannan mataki da daɗewa. A tsakiyar shekarun 1990 ABS mai kula da tayoyi huɗu ya fara shiga a-kori-kura. Daga watan Satumba na 2011 kuma doka ta wajabta wa duk sabuwar ƙaramar mota da mafi yawan sababbin a-kori-kura tsarin lantarki na hana mota juyawa, wanda a kan kayan ABS aka gina shi. Shi ma Kelsey-Hayes ya bi ta hannaye da dama, ya shiga TRW a 1999, sannan kamfanin ZF na Jamus ya saye TRW a 2015.

Mai sauraro a Kano ko Maraɗi zai iya cewa waɗannan motoci ba su cika yawa a wajenmu ba, kuma haka ne. Amma matsalar da aka yi bawul ɗin dominta tana nan a kowace tasha. Tsofaffin Toyota Hilux suna da nasu maganin, wanda ba ya amfani da lantarki ko kaɗan: wani bawul a jikin shasi ta baya, da dogon siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksul. Idan aka yi lodi mota ta zauna, ƙarfen ya motsa, bawul ya ƙara wa baya matsi. Idan aka sauke kaya ta ɗago, ya rage. Shi ma yakan yi tsatsa ya ƙage, ko ya fara ɗiga, shi ma kuma akan yi masa irin hukuncin da ake yi wa ɗan'uwansa na Amurka, a zagaye shi da bututu. Akwai ma wani abin da ba a cika lura da shi ba. Idan aka ƙara wa motar ganyen sifirin don ta ɗauki kaya fiye da ƙa'ida, ba ta zama sosai in an yi lodi, sai bawul ɗin ya ɗauka fanko take, ya hana baya ƙarfin da yake bukata, birkin gaba ya ɗauki wahalar shi kaɗai a gangare. Duk wanda ya taɓa sifirin, sai ya sake saita ƙarfen nan.

Mai shirin sayen tsohuwar a-kori-kura, 'yar Kwatano ce ko ta hannu, yana iya gane yawancin wannan da idonsa. Ya murza makulli ba tare da tayar da inji ba, ya ga ko fitilar ABS ta kunnu na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Idan motar tana da tsarin amma fitilar ba ta kunnu ko kaɗan, da alama an zare ƙwan ko an rufe shi. Sannan ya durƙusa ya bi bututun birkin baya da ido tun daga gaba. Sabon guntun bututu mai ƙyalli a tsakiyar tsohon da ya yi tsatsa, da soket ɗin waya yana reto ba a haɗa shi da komai ba, sun isa su sa ya tambayi mai sayarwa abin da aka cire a wurin, kuma ya saka kuɗin mayar da shi a cikin ciniki.